Zaɓen Amalanke Daidai Ƙarfin Abin Da Zai Ja Shi

An shirya wannan darasi ne domin Hakiman ƙasar Dutse da malamansu, tun daga Gwaram da Birnin Kudu da Buji har Kiyawa da Jahun da Miga, gama su talakawa kan zo wa neman shawara, su kuma a kan kawo wa ƙara in abu ya ɓaci. Maganar kuwa ta amalanke ce. Tun cikin shekarun 1920 aka fara koya wa manoman Arewa noma da shanu, yau ga shi da wuya ka shiga ƙauye a Jigawa ba ka tarad da amalanken shanu a ƙofar gida ba.

Magidanci in iyalinsa suka yi yawa, gona ta ƙaru, sai ya ga ɗan amalankensa ya yi masa kaɗan. Yana so ya sami wanda zai kwashe hatsi da mata da yara gaba ɗaya ran kasuwar Shuwarin, ya huta da yin sawu biyu. Wannan buri ba laifi ba ne. Wajen zaɓe a ke yin kuskure. Sai mutum ya tafi wurin mai walda ya ce a ƙara tsawo, a ƙara faɗi, bai tsaya ya duba ko shanun nan biyu da ke turke su ma sun ƙara girma ba. Da shanu a ke fara lissafi, sa'an nan hanya, amalanke shi ne na ƙarshe.

Ƙarfin shanu da halin hanya

Masana aikin dabbobi sun auna sun ga sa mai lafiya, in zai yi sa'o'i yana aiki, abin da zai iya ja bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa ba. Mu ce mutum yana da shanu biyu, ko wanne kilo 350. Jimla kilo 700 ke nan, ƙarfin jansu kuwa kilo 70, watau kamar su yi ta jawo guga mai nauyin kilo 70 daga rijiya. Gaskiya ne in an matsa musu su kan yi yunƙurin da ya ninka wannan sau biyu ko uku, amma na ɗan lokaci ne ƙanƙane, ba su wuni a kansa. Wanda ya ke son sanin nauyin shanunsa ba sai ya nemi sikeli ba. Malamin dabbobi ya iya kewaya ƙirjin sa da awo ya gaya masa kusan daidai.

To, mai karatu zai ce yaya shanu masu jan kilo 70 su ke tafiya da kaya na tan guda? Amsa ita ce taya. Nauyi yana kan taya, abin da shanu ke fama da shi kawai shi ne riƙon da ƙasa ta ke yi mata, riƙon nan kuwa ko wace hanya da nata. A kan kwalta bai wuce kashi biyu cikin ɗari na nauyin ba. A kan burji mai tauri ya kan kai huɗu ko biyar. A cikin rairayi mai laushi sai ya tashi zuwa goma sha biyar ko ashirin, har ma ya fi. Saboda haka amalanken da nauyinsa da na kayansa suka kai kilo 1,000, a kwalta jan kilo 20 ya ishe shi, shanu na tafiya suna tuƙa. Da an sauka burji ya zama kilo 50. Da an shiga rairayi ya zama kilo 150 ko 200, watau ya ninka ƙarfinsu fiye da sau biyu. Kayan nan dai su ne, ba a ƙara ko tiya ɗaya ba.

Mu mutanen wannan jiha bai kamata a tuna mana da rairayi ba, tun da ya ke daga jigayin nan na yashi ta samo sunanta. Amma sau da yawa a bakin kwalta a ke gwada sabon amalanke, a ga yana tafiya sumul, a biya kuɗi, alhali gonar mai shi tana can bayan jigawa. In hanya rairayi ce mai nisa, shanun da muka yi misali da su ba za su jure fiye da kilo 350 zuwa 450 ba, har da nauyin amalanken kansa. Nan ne babban amalanke ke cutar mai shi. In ƙarami kilo 250 ne, babba kuwa 400, to, babban ya cinye ƙarfin shanu tun ba a ɗora masa buhu ɗaya ba.

Hawa ma haka. Hanyar da ta ke tashi taku ɗaya a cikin taku ashirin tana ƙara jan kilo 50 a kan ko wane tan. A haɗa da 50 na burji, ya zama 100, ya zarce 70 ɗin nan. Mutanen da ke zaune gindin duwatsun Dutse su lura da wannan ƙwarai.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya nunawa sai ido. San da ya yi kilo 350 da kaka, ba shi ne na bazara ba. Rani ya ci shi, harawa ta ƙare, tozo ya kwanta, a daidai lokacin kuwa a ke kai taki gona, aikin da ya fi ko wanne nauyi. A ganina da ƙarfin shanu na bazara ya kamata a yi awo. Malamai sun sha faɗa mana dabba amana ce, ba a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, ko ba don haka ba ma, sa mai miki a wuya ba ya huɗa, ba ya kuma yin kuɗi a Maigatari.

Taya da jeren kaya

Galibin amalanken yanzu da tsofaffin tayoyin mota a ke ƙera su, ko wace taya kuwa an rubuta iyakarta a jikinta. A bayan lambobin girmanta akwai wata lamba da harafi a gefenta. In an ga 82, tayar tana ɗaukar kilo 475. In 91 ne, kilo 615. In 100 ne, kilo 800. Wannan fa ga taya mai lafiya ce wadda aka ba iska daidai. Akwai kuma lambobi huɗu a jere masu nuna ranar haihuwarta: 2319 ma'anarsa mako na 23 na shekarar 2019. Tafiya a hankali ta kan ba taya ɗan sauƙi, amma tsufa da zafin rana sun riga sun karɓe wannan sauƙi, don haka kada a wuce abin da aka rubuta.

Bari mu gwada. Buhun gero takwas, ko wanne wajen kilo 100, ya zama 800. Mutum biyar, manya da yara, a ce 250. Amalanke 250. Jimla kilo 1,300. In tayoyinsa biyu masu lamba 82 ne, iyakarsu 950. An wuce da kilo 350, da ran mutum biyar a sama. Malami ya riƙe waɗannan a ka: buhun siminti da na takin zamani kilo 50 ne, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya, saboda haka duro mai lita 200 daidai ya ke da buhun gero biyu. Wanda hanyarsa rairayi ce ya nemi taya mai faɗi, don ba ta nutsewa kamar siririya.

Amalanke mai taya biyu kamar ma'auni ya ke. In kaya suka yi baya, sandar ja ta kan ɗaga karkiya sama, igiya ta shaƙe shanu. In suka yi gaba da yawa, nauyi ya danne musu wuya. Abin da a ke so shi ne masu nauyi su zauna ƙasa, a kan ƙarfen tayoyi, su ɗan rinjaya gaba kaɗan. Ga gwaji mai sauƙi: a tokare tayoyi da dutse, namiji ɗaya ya kama bakin sandar. In ta tashi da kanta, kaya sun yi baya. In ya kāsa ɗaga ta da hannu biyu, sun yi gaba.

Sai batun tsayawa, wanda kusan ba mai tunawa da shi ran saye. Kwaltar da ta sauƙaƙa ja ita ce ta ke wahalad da tsayawa. A gangara, amalanke marar birki da wuyan shanu kaɗai a ke tare shi, in ya ninka nauyinsu sai ya tura su gaba har su durƙusa. Babban amalanke ba shi da kyau sai da birki, ko da katako ne mai danne taya. Wanda zai hau babban titin Kano zuwa Maiduguri da almuru kuwa, lalle ya manna abin ƙyalli mai ja a baya.

Masu mota da tarakta

Yanzu waɗansu masu hali su kan ɗaura 'yar tirela a bayan a-kori-kura, su ɗauki injin ban ruwa ko tankin ruwa. Nan ba a bukatar kintace, gama kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta iyakarta cikin littafinta. Motoci da yawa kuma suna da ɗan allo a jikin ƙofa ko ƙarƙashin murfin inji. Lamba ta fari a kansa ita ce iyakar nauyin mota da kayanta, ta biyu ita ce ta mota da tirela haɗe. In ta fari 3,000 ce, ta biyu 5,500, abin da ya rage wa tirela da kayanta kilo 2,500 ne, shi ma sai in tana da birkinta. A Ingila doka ba ta yarda tirela marar birki ta wuce kilo 750 ba, kome girman motar da ke janta. Irin waɗanda masu walda ke haɗawa a bakin hanya kuwa ba kasafai su ke da birki ba.

A can Ingila iyali su kan sayi wani ɗaki mai taya, da gado da murhu a ciki, su ja shi da mota su tafi hutu. Su ma kwaɗayin babba ya kan kama su in 'ya'ya sun ƙaru. Shawarar da ƙungiyoyinsu ke ba sabon shiga ita ce ɗakin nan da kayansa kada ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar ba kaya, nauyin da ke danne ƙugiyar mota kuma ya zama kashi biyar zuwa bakwai cikin ɗari na tirelar. Dalili shi ne tirela mai nauyi a baya, da an yi gudu sai ta fara lilo hagu da dama, har ta juya motar. In direba ya ji haka, ya riƙe sitiyari sosai, ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ya danna birki da ƙarfi. A ƙara sarƙa bayan ƙugiya ko da yaushe, kada kuma a zaunad da mutum a cikin tirela.

Mai tarakta ya ɗaura tirela a ƙugiyar da aka yi dominta, can ƙasa. In ya ɗaura sama da ƙarfen tayoyin baya, kaya suka cije, gaban tarakta ya kan tashi ta kife a kan direba. Kafin ya hau titi kuma ya haɗe birkinta biyu su zama ɗaya.

Aikin malamin Hakimi

Wannan darasi shawara ce, ba doka ba. Ana roƙon Hakimai su sa a karanta shi gaban Dagatai da masu unguwa kafin kaka, lokacin da kuɗi ke shiga hannu a ke yin odar sabon amalanke, a kuma kira masu walda na gari su ji. In magidanci ya zo neman shawara, malami ya ɗauki takarda ya tambaye shi nauyin shanunsa da bazara, da wuri mafi muni a hanyarsa da tsawonsa, da lambar tayoyin da za a sa, da nauyin amalanken ba kaya. In lissafi bai kai ba, a nuna masa yana da zaɓi: ko ya dakata sai ya sami manyan shanu, ko ya gyara wanda ya ke da shi, ya sa masa boris sabo da taya mai faɗi, ya yi sawu biyu, hatsi da safe, iyali da hantsi. Inda lissafin ya rikice wa malami, sai ya aika da takardar wurin malamin gona na JARDA da ke gundumar.