Ka Ajiye Littafin Yau da Kullum

Jama'a, ku tambayi manomi ranar da ruwan shuka ya sauka bara. Zai ce kafin salla ne, maƙwabcinsa ya ce a'a, sai bayan salla da mako biyu. Haka za su yi ta musu, kowa na rantsuwa, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Zuciya ba rumbu ba ce. Abin da ya yi mata daɗi take riƙewa, sauran ta zubar.

Maganin wannan ba tsada. Ka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro. Bayan sallar isha'i, kafin barci ya ɗauke ka, ka sa kwanan wata, ka rubuta layi uku ko huɗu, da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Ga misali: "Laraba. Na shuka gero a gonar tudu. Na ba ƙanena rancen dawa tiya biyar. Na yi wa uwargida faɗa a kan abin da bai taka kara ya karya ba."

Layukan farko za su raba gardama ranar biyan bashi, su kuma gaya maka lokacin shuka baɗi. Amma na ƙarshen nan shi ne ya fi wuyar rubutawa, don a nan mutum ke yi wa kansa hisabi, abin da malamai ke kira muhasaba. Idan wata ya ƙare, ka koma farko ka karanta. Za ka tarar ka rubuta "gobe zan gyara katanga" sau bakwai, katangar kuwa tana nan a zube. Ni dai da na ga tawa, kunya ce ta sa na kwaɓa ƙasa washegari. Za ka kuma ci karo da alherin da ka manta: ranar da yaro ya fara tafiya, ranar da aka sallamo tsohuwa daga asibiti, ranar da kake ganin ba mafita sai ga ta.

Littafi ba ya kara. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya sa an riƙa rubuta masa al'amuransa da Larabci daga 1912 zuwa 1927, har da hare-haren da ya aika kan mutanen duwatsu da yawan bayin da aka kamo. Turawa suka tuɓe shi a 1927, littafin ya faɗa hannunsu, aka fassara shi. Yau masana tarihi da bakinsa suke sanin ɓarnarsa.

Saboda haka ka rubuta naka laifin, ka bar asirin mutane. Ka adana littafin cikin akwatin ƙarfe, don gara da yara. In ka tsallake kwana biyu, kada ka cike gurbin da ka. Bar shi fari, ka ɗora daga yau.