Yadda ake lissafa ƙaruwar jama'a inda auren mace fiye da ɗaya ya yawaita

Duk wanda zai yi wannan lissafi ya fara da mata, domin su ne masu haihuwa. Namiji mai mata huɗu gidansa zai cika da 'ya'ya, amma garin bai ƙaru da mace ko ɗaya ba saboda aurensa. Mantawa da wannan shi ne kuskuren da na fi so ɗalibi ya kauce masa tun kafin ya buɗe Excel.

Da farko ka raba jama'a zuwa rukunonin shekaru biyar-biyar: 0 zuwa 4, 5 zuwa 9, har zuwa tsufa, maza a layinsu, mata a nasu. Irin wannan tsari ne P. H. Leslie ya bayyana a 1945, sai dai nasa ya fi bin mata kawai. Kai kana bukatar jinsin biyu.

Na biyu, ka gano mata nawa ne ke ɗakin aure. Kira matan da suka isa aure F, mazan da suka isa aure M, matsakaicin matan kowane magidanci kuma h. Musulunci ya tsayar da iyaka a huɗu, amma matsakaicin gari yakan yi ƙasa da biyu, tunda masu mace ɗaya sun fi yawa. Matan aure su ne ƙaramin adadi tsakanin F da h sau M, abin da umarnin MIN ke yi a Excel. A ɗauka akwai mata 1,000, maza 700, h kuma 1.5. Mazan za su iya auren 1,050, to duk matan sun samu miji. Idan yaƙi ko ƙaura ta ɗebe maza 200, saura 500, sai lissafi ya ba ka 750, mata 250 suna zaune. A nan kaɗai ne yawan maza ke shafar haihuwa. Caswell da Weeks sun ba da wata ƙa'ida mai laushi fiye da wannan a 1986, amma MIN ta isa mai farawa.

Mataki na uku shi ne mafi muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa: daga ina rarar matan ke fitowa? Ba a haifar mata fiye da maza. A duniya, wajen maza 105 ake haifa a kan kowane mata 100. Amsar tana cikin tazarar shekaru. Idan jama'a na ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a shekara, waɗanda aka haifa bana sun fi waɗanda aka haifa shekara goma baya yawa da kusan kashi 34 cikin ɗari. Saboda haka idan ɗan shekara 28 zai auri 'yar shekara 18, kowane maza 100 suna da mata wajen 128 a gabansu (da yake an fi haihuwar maza), tun kafin a cire mazan da suka rasu. Ka haɗa rukunin mata da rukunin mazan da suka girme su, kada ka haɗa su da sa'o'insu. Gilles Pison ya nuna wannan a bincikensa na Senegal.

Sai ka shigar da zawarci. Macen da aka saka tana yin idda ta jini uku, wadda mijinta ya rasu tana takaba wata huɗu da kwana goma, bayan nan da yawa suna sake aure, sau da yawa a matsayin amarya a gidan mai uwargida. A ganina nan ne ainihin tasirin auren mace fiye da ɗaya yake: yana rage watannin da mace mai shekarun haihuwa take yi ba ta da miji. Ka ƙiyasta watannin zawarci ka cire su daga shekarun aure.

Yanzu haihuwa. Ka ninka matan aure na kowane rukuni daga 15 zuwa 49 da yawan haihuwar rukunin. Ka samo alƙaluman daga binciken lafiya da ƙidayar jama'a na ƙasa. Na Nijar na 2012, alal misali, ya nuna matsakaicin haihuwa 7.6 ga kowace mace. Kada ka ƙara wa mai kishiya komai. Bincike da dama a Afirka ta Yamma sun sami haihuwarta daidai da ta mai zama ita kaɗai, ko ma ƙasa kaɗan, ga kuma goyo da ke sa tazara tsakanin ciki da ciki.

Ka raba jariran maza da mata, ka ninka kowane rukuni da kason masu rayuwa, ka matsar da shi gaba shekara biyar, ka maimaita sau goma don ka ga shekara 50. Idan kana son sanin yaushe jama'a za su ninka, raba 70 da kason ƙaruwa: kashi 3 zai ba ka kimanin shekara 23.

Daga ƙarshe ka gwada aikinka. Ka gudanar da shi da h a 1.5, ka sake da 2. Muddin h sau M ya riga ya kai F, sakamakon ba zai motsa ba. Sannan ka mayar da h yadda yake, ka ɗaga shekarar auren farko na mata daga 16 zuwa 20, ka kwatanta jimillar shekara 50 ta biyun. Idan bambancin bai fito fili ba, ka koma ka duba yawan haihuwar da ka sa wa rukunin 15 zuwa 19.