Iyo a Ruwan Sanyi

Birnin Katsina yana nesa da teku. Ruwan da yaran birni suka sani shi ne na kududdufi, watau ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, damina ta zo ta cika shi. Akwai kuma madatsar Ajiwa, inda ake jawo wa birni ruwan famfo.

Da damina ruwan kududdufi ba shi da sanyi sosai. Amma idan hunturu ya kama, a watan Disamba da Janairu, ruwan da ya saura yakan kwana iska tana bugunsa, gari ya waye ya yi sanyi ƙarara. Yaron da ya iya iyo yakan ce ba kome. Akwai kome kuwa.

Mutanen ƙasashen sanyi sun fi kowa sanin wannan. A Ingila akwai tafkuna a bakin teku. Teku yakan cika ya janye sau biyu kowace rana, domin wata yana jansa, idan ya cika ƙwarai sai ya kwararo cikin tafkin. Likitocinsu sun lura, wanda ya yi tsalle ya faɗa ruwan sanyi yakan ja numfashi da ƙarfi ba da nufinsa ba. In kansa yana cikin ruwa, to, ruwa zai shaƙa. Daga nan sai haki, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Abin ya fi tsanani a ruwan da bai kai digiri 15 ba, amma yakan lafa bayan kamar minti ɗaya ko biyu.

Saboda haka mai hankali ba ya alkafura. Yakan shiga sannu sannu, ya jiƙa fuska da wuya, ya jira numfashinsa ya daidaita. Wanda ya faɗa bisa tsautsayi kada ya yi kokawa da ruwa, sai ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa har hakin ya wuce. Kududdufi kuma yana da nasa sharrin, gama gefensa da santsi, ƙasansa laka, ga cutar tsargiya.

Ba a zuwa iyo sai da babba. Idan wani yana nutsewa, yaro ba ya bin sa ciki. Sai ya yi kururuwa, ya miƙa masa gora, ko ya jefa masa jarka marar kome da murfinta a rufe. In an fito da shi, a tuɓe masa jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi da bargo, a kai shi asibiti.