Taron Dangi na Shekara da Kiyaye Nasaba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, tambaya ɗaya ta zo mini har sau uku cikin kakar bana, game da taron nan da gidaje da yawa suka ɗora wa kansu, inda zuri'ar kaka guda ke haɗuwa sau ɗaya a shekara a gidan gado. Wasu suna yinsa bayan Sallar Layya, wasu kuma sai an ɗaure dammunan hatsi, kafin samari su watse cin rani. Masu tambaya suna cewa: Malam, wannan ba bidi'a ba ce, tun da ba mu ji sahabbai sun ware wa dangi rana ba?

Amsar gajeriya ce. Sada zumunci wajibi ne. Allah Maɗaukaki Ya haɗa tsoronSa da kiyaye zumunta a ayar farko ta Suratun Nisa'i, kuma a Suratu Muhammad, aya ta 22 da ta 23, Ya ambaci la'ana a kan masu yanke ta. Amma Shari'a ba ta ƙayyade hanyar sadarwar ba: ziyara ce, ko aike, ko kyauta, ko gaisuwa ta waya, duk an bar wa mutane da abin da suka saba. Taron shekara hanya ce daga cikin waɗannan hanyoyi. Matuƙar ba a ɗauke shi Idi na uku ba, ba a ƙudurta cewa ranar tana da wata falala ta kanta ba, ba a kuma haɗa shi da yanka ga kan gida ko wani tsafin gado ba, to al'ada ce halattacciya, kuma mai kyakkyawar niyya yana da lada. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya yi wa mai sada zumunci albishir da yalwar arziki da albarkar kwana.

Abin da ya fi damuna daban ne. Na halarci irin wannan taro ba ɗaya ba, ba biyu ba. A yanka rago, a ci tuwo, a ɗauki hoto, a tara gudummawa, a yi fatiha a watse. Tsohuwar da ta san wa ya haifi wa tana zaune a ƙuryar rumfa tana jan carbi, babu wanda ya tambaye ta komai sai lafiyar ƙafa. Baɗi a dawo, a tarar an kai ta makwanci.

Imam Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya yi umurni mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi. Ɗan'uwa mai karatu, dubi yadda aka ɗaure ilimin da manufarsa. Wanda bai san ƙanwar kakarsa ba, yaya zai ziyarci jikokinta? Sayyidina Abubakar (RA) shi ne ya fi kowa sanin nasabar Ƙuraishawa, har ma a cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa lokacin da Hassanu bin Sabit zai mayar wa mushrikai martani da waƙa, wurinsa Annabi (SAW) ya tura shi, don ya tsame masa nasabar Manzo daga cikin waɗanda zai zambata.

Mu kuwa a wannan yanki mun fi kowa bukatar wannan ilimi, domin tarihi ya yi ta warwatsa gidajenmu. Sarautar Katsina ta Maraɗi ta kafu ne bayan da jihadi ya fitar da sarakunan Katsina daga birninsu a farkon ƙarni na 19, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri a 1836 bayan yaƙin Gawakuke. Da Faransa da Ingila suka ja iyaka a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, sai wa ya wayi gari a ƙasa guda, ƙane a wata. Yunwar 1913 zuwa 1914, da ta 1973 zuwa 1974, da ta 1984, kowace ta tayar da ƙauyuka. Ambaliyar 1945 ta ci tsohon garin Maraɗi na bakin gulbi, aka hau tudu, maƙwabta suka rarrabu. Ga waɗanda fataucin goro ya zaunar a zangon Kumasi, ga alhazan ƙafa da suka tsaya a Sudan ba su dawo ba, ga na yau da aiki ya kai Yamai da Arlit, ko neman abinci ya kai Libiya. Da can tsagar fuska tana faɗa wa baƙo Bagobiri ne ko Bakatsine tun kafin ya buɗe baki. Yanzu kusan an daina. Abin da ya rage mana shi ne ƙwaƙwalwar tsofaffi, ita kuwa kowace shekara raguwa take yi.

Kada wani ya zaci wannan zancen hira ne kawai. Akwai hukunce-hukunce da ba sa tsayuwa sai da shi, kuma mafi hatsarinsu maganar nono.

Wata shekara aka zo mini da wata matsala. Yaro da yarinya, ƴaƴan wa da ƙanwa, an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, kowa yana murna da auren zumunci. Sai wata gwoggo da ta daɗe a Kano ta zo biki, ta ji sunayen, ta dafe ƙirji. Ta ce ita ta gani da idonta, shekarar da uwar yaron ta kwanta ciwo, uwar yarinyar ce ta ba shi nono kusan wata guda. Aka bincika, aka sami wata tsohuwa ta biyu da ta tabbatar, ita ma uwar yarinyar ta tuna. Ta ce ta ɗauka tun da ba wannan goyon ta shayar tare da shi ba, babu laifi. Wannan kuskure ne da ya yaɗu ƙwarai. Wanda ya sha nonon mace ya zama ɗanta, duk ƴaƴanta na gaba da na baya sun zama ƴan'uwansa, haka ma ƴaƴan mijin da nonon ya zo ta dalilinsa, ko da na wani ɗaki ne. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Risalar Ibn Abi Zaid, tsotso ɗaya da ya kai ciki a cikin shekara biyun farko ya isa ya haramta aure. Shafi'iyya da Hanbaliyya su ne suka shardanta sha biyar. An fasa wancan aure da kuka da ɓacin rai, amma da gwoggon ta makara da mako guda, ko da ta riga mu gidan gaskiya, ina za a sa kai? Buhari ya ruwaito cewa Uƙbatu bin Haris (RA) ya rabu da matarsa bayan wata mace ta ce ta shayar da su duka biyu, ya kai ƙara wurin Annabi (SAW) bai ba shi ƙofar zama da ita ba. Don haka nake cewa: a kowane taro, a zaunar da iyaye mata wuri guda a tambaye su, wa ya sha nonon wa, a rubuta da sunan shaidu.

Sai gado. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da ɗiya mata biyu, babu ɗa namiji, babu iyaye, babu ƴan'uwa maza ko mata. Idan aka kasa dukiyar kashi 24, matar tana da 3, ɗiyan suna da 16, sauran 5 na namijin da ya fi kusa da shi ta wajen uba ne, bisa hadisin Ibn Abbas (RA) da ke cikin Buhari da Muslim. To wane ne mafi kusa? Idan ɗan baffansa yana raye a Kumasi, amma aka miƙa wa jikan baffa saboda shi ne ake gani a gari, an ciyar da shi haram ba tare da ya sani ba. Kuma idan daraja ta zo ɗaya, wanda ya fito ta shaƙiƙi yana gaban wanda ya fito ta ɗan uba. Shi ya sa rubuta sunan uba kaɗai bai wadatar ba, sai an faɗi ɗakin da kowa ya fito. Ina ƙarawa da cewa gonakin gandu da ake bari shekara arba'in ba a raba ba, magada suna mutuwa a kan magada, su ne suka fi komai kashe taron dangi. Kuma a irin wannan jinkiri rabon mata ne yake fara nutsewa.

Riƙo kuma kowa ya san shi a gidajenmu, alheri ne babba. Sai dai ɗan riƙo da agola ana kiransu da sunan ubansu na gaskiya, kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umurni, bayan a da ana jingina Zaidu bin Harisa ga Annabi (SAW). A kula da wannan musamman lokacin yin takardar haihuwa da sa yaro makaranta, domin abin da aka rubuta a can shi jikoki za su tarar.

Yaya za a yi rubutun? A zaɓi mutum biyu masu haƙuri, ɗaya na ajami ko Larabci, ɗaya na boko. A fara da wanda ya fi kowa tsufa, kuma kada a raina mata, don su suka fi riƙe haihuwa da aure da saki. Akwai wahala ɗaya da duk wanda ya gwada ya sani, wato alkunya. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, ko na surukinta. Sai ta ce "mai gidan nan" ko "wancan yaro". Kada a tilasta mata, a tambayi wata. Sa'an nan da yawa daga cikin magabata da laƙabi aka san su, Tanko, Nomau, Anaruwa, Delu, Auta, sunan yanka ya ɓace. A rubuta duka biyu in an samu. Shekaru kuwa, takardun tsofaffinmu da yawa kintace ne, "wajen shekara kaza" aka sa. A tambaye su da abin da suka sani: kafin ambaliya ko bayanta, zamanin wane sarki, kana da wayo lokacin samun ƴancin kai a 1960, ɗan wa ake goyo da Kunce ya karɓi mulki a 1974? Da haka ake kusantar gaskiya. Wanda aka ji daga bakinsa a sa sunansa kusa da labarin, kamar yadda malaman hadisi suka koya mana. Inda biyu suka saɓa a rubuta maganar kowa. Ɗaukar murya da wayar hannu yana da amfani idan mai maganar ya yarda, amma waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, saƙon WhatsApp kuma yana nutsewa. A mayar da shi takarda, a yi kwafi uku a gidaje uku, a tsare su daga gara da ɗigon damina. Kowace shekara a ƙara waɗanda aka haifa da waɗanda suka rasu, a karanta wa jama'a don a gyara kuskure.

A nan akwai ramuka biyu. Na farko ƙari. Kowane gida yana son ya ce daga Gabas ya fito, kuma na ga takardun salsala da suka tashi daga ƙauyen da na sani suka dire Madina cikin kakanni bakwai. Alhali nasabar Annabi (SAW) kanta, malamai sun haɗu a kanta ne zuwa Adnan, abin da ke sama da haka suka yi saɓani, da yawansu suka kame. Jingina kai ga wanda ba ubanka ba da gangan yana cikin manyan zunubai, da hadisi ingantacce daga Sa'adu bin Abi Waƙƙas (RA). Inda sani ya tsaya, alƙalami ya tsaya. Idan kakan kakanka Azne ne mai noma da farauta, rubuta shi haka. Sahabbai ba su goge sunayen iyayensu da suka mutu kafin Musulunci ba.

Na biyu ya fi muni, shi ne gori. Muslim ya ruwaito daga Abu Malik al-Ash'ari (RA) cewa alfahari da asali da sukar nasabar mutane suna cikin halayen jahiliyya da suka saura a wannan al'umma. A gidaje da yawa akwai reshen da kakarsu ta shigo ta hanyar bauta, ko wanda ya taso a gidan har ya zama ɗan gida. Dokar Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka tun 2003, amma harshe bai daina ba, sai an zo neman aure a ji ana raɗa. Ra'ayina shi ne littafin dangi ya ɗauki abin da hukunci ke bukata: wane ɗan wane, uwarsa wance, ya sha nonon wance. Abin da zai zama makamin tozarta bayin Allah, ko tonon asirin wanda Allah Ya rufa wa, ba shi da gurbi a ciki. Ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne cikakke a Shari'a, gadonsa daidai da na ɗan matar aure. Annabi Isma'ila ɗan Hajara ne, kuma ta tsatsonsa Fiyayyen halitta ya fito.

Game da kuɗin taro, kada a yanka wa kowa adadi ɗaya, har talaka ya ƙi zuwa don kunya. Mai jikka goma ya kawo, mai tiya biyu ta hatsi ya kawo, kada a karanta sunaye da adadi a bainar jama'a. A raba wurin zaman maza da na mata, domin taubashi ba muharrami ba ne ko da an tashi gida ɗaya. A kuma gayyaci dangin uwa. Annabi (SAW) ya ajiye ƴar'uwar uwa a matsayin uwa.

Saura wanda ya yi fushi ya daina zuwa, kuma da wuya a rasa shi a kowane gida. Masu shirya taro sukan ce ai an sanar a waya, shi ya ƙi. Wannan bai isa ba. A hadisin Abdullahi bin Amr (RA) da ke cikin Buhari, ba a kira mai rama ziyara da ziyara mai sada zumunci ba, sai wanda aka yanke masa ya sadar. Misɗahu ɗan'uwan Sayyidina Abubakar ne, yana ci daga hannunsa, amma ya sa baki cikin ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha. Abubakar ya rantse ya daina ba shi komai, sai aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka, ya mayar masa da abin da ya saba ba shi. To, tun wata guda kafin taro, a tashi dattijo biyu waɗanda ba su da hannu a rigimar, su tafi gidansa da ƙafarsu, su saurari ƙorafinsa har ya gama. Idan haƙƙinsa ne aka ci, na gona ko na gado, a mayar masa kafin ranar, don kada a ce ya zo ya yafe abin da har yanzu yake hannun wani.