Masara a gonar aro

Yawancinmu gonar aro muke nomawa, 'yar kaɗan, don haka ba mu da filin ɓatawa. Masara ba gero ba ce. Ba ta yi a jigawa, ba ta kuma son inda ruwa ke kwanciya. Mu nemi ƙasa mai laushi da taki, nesa da inuwar itatuwa. Inda ƙuduji ya fito bara, gara a sa wake ko gyaɗa. Kafin mu taɓa fartanya, mu daidaita da mai gona a gaban mai gari da shaidu, kada rigima ta tashi da kaka.

Kada ruwan farko ya ruɗe mu, mu jira ƙasa ta jiƙe sosai. Tsakanin layi da layi santimita 75, tsakanin rami da rami 50, ƙwaya 3 a zurfin gaɓa biyu na yatsa. Bayan mako biyu a rage, a bar biyu.

Babbar barazana ita ce tsutsar nan da ta shigo Afirka ta Yamma a 2016, mai cin zuciyar masara. Mu leƙa gona da sassafe, sau biyu a mako. Ƙwayayenta na manne a ganye, a murƙushe su. In ganye ya huhhuje, a zuba toka da yashi cikin zuciyar. Magani kuwa sai da shawarar malamin gona, kuma yara ba sa feshi.