Ciwon Da Ido Ba Ya Gani

Karatu: Markus 5:25-34

Idan ka shiga Suame Magazine a Kumasi da safe, za ka ga samari birjik a ƙarƙashin motoci, suna kwance inji, suna walda, suna ɗaga ƙarafa. A wurin nan ƙarfi ne jari. Yaron gareji da ya ce ƙasusuwansa suna ciwo, sai maigidansa ya ce lalaci ne. Ya je asibiti, likita ya ga saurayi ba rauni ba jini, ya ce ya sha farasitamol ya koma aiki. In ya roƙi magani mai ƙarfi, sai a zarge shi da shaye-shaye, domin a 2018 shan Tramadol tsakanin matasa ya zama babban abin damuwa a Ghana. Wataƙila kai ne wannan yaro.

Wani lokaci irin wannan ciwo amosanin jini ne, wato sikila. Jajayen ƙwayoyin jini sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, zafi ya kama ƙashi da gaɓoɓi. Sanyi, ƙishirwa, aiki mai nauyi da zazzaɓin cizon sauro suna tayar da shi. A Ghana kimanin jarirai 2 cikin 100 ake haifa da shi. Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, wanda ɗansa na cikinsa ya yi fama da cutar, shi ya jagoranci fara gwajin jarirai a Kumasi a 1995, kuma Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen masu sikila. Ka ga ciwon gaske ne, yana da suna, akwai kuma masu lura da shi.

Matar da muka karanta labarinta ta yi shekara 12 tana zubar jini. Ta sha wahala a hannun likitoci da yawa, dukiyarta ta ƙare, ciwon sai ƙaruwa yake yi. Da ta taɓa rigar Yesu, almajirai taro kawai suka gani. Yesu kuwa ya tsaya, ya neme ta, ya saurara har ta faɗa masa dukan gaskiya, ya kira ta 'yarsa. Maganar Allah ba ta hana mu zuwa asibiti ba, Luka ma likita ne (Kolosiyawa 4:14). Abin da take koya mana shi ne, kada mai ciwo ya ɓoye, kada kuma ya fid da zuciya.

Saboda haka, ɗan'uwana, 'yar'uwata:

1. Ka rubuta ciwonka a ɗan littafi: ranar da ya tashi, inda yake, abin da kake yi lokacin, da ƙarfinsa daga 1 zuwa 10. Ka nuna wa likita.
2. Ka nemi a gwada jininka, ka sani ko AA ne, AS, SC ko SS. Ka riƙa tafiya da katinka.
3. Ka tafi da babba, ko uba, ko uwa, ko dattijon ikkilisiya, wanda ya taɓa ganin ka cikin ciwon.
4. In ba a saurare ka ba, ka roƙa cikin ladabi a tura ka wurin wani likita. Kada ka sayi ƙwaya a bakin hanya.

Kai kuma maigida, ko shugaban matasa, idan yaro ya ce yana ciwo, ka fara gaskata shi. Ka ba shi ruwa da hutu, ka raka shi asibiti. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana 7 shiru, da suka buɗe baki suna zarginsa, sai suka ƙara masa azaba.

Abin tunani: Wane matashi ne a kusa da kai ya daina faɗin ciwonsa domin ba a yarda da shi?

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, kai da ka tsaya domin mace guda a cikin taro, ka dubi matasanmu masu fama da ciwo. Ka ba likitoci haƙuri da hikima, ka ba mu kunnen sauraro. Amin.