Siginar da ke mutuwa daidai kan kwana

Makon jiya wani dattijo ya turo tsohon Jincheng ɗinsa rumfata da ke bakin titin Kachia, nan Unguwar Boro. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya zaro filasha uku daga aljihu ya zube mini a kan benci. Ya ce, "Ɗana, duk jabu ne. Uku na saya cikin wata biyu, ba wadda ta yi." Na ce, "Baba, bari mu tambayi mashin ɗin tukuna." Na murɗa makulli, ban tayar da inji ba, na danna hon. Wani siririn kuka ya yi kamar ɗan akuya mai mura. Filashar nan ko ɗaya ba ta da laifi. Batirinsa ne ya daɗe da mutuwa, shi kuwa da yake da ƙafa yake tayar da mashin, bai taɓa jin rashinsa ba.

Sana'ata rewaya ce, kuma wannan ita ce matsalar da ta fi zuwa mini a tsofaffin mashina. Ita ce kuma ta fi ba ni tsoro. In batir ya mutu, sigina ba ta da wuta sai abin da inji ya bayar a lokacin. Kana ba da wuta a miƙaƙƙen titi, tana ƙiftawa lafiya lau. Da ka saki totur ka taka birki za ka sha kwana, wutar ta ragu, fitilar birki ta kwashe ɗan abin da ya saura, sigina ta yi ja ta tsaya cak. Kai a ranka ka sanar da na bayanka, shi kuwa bai ga komai ba. Duk wanda ya san titin nan daga Sabon Tasha zuwa mahaɗar NNPC ya san abin da ke biye da mutum: tankokin mai, tifofin yashi, motocin Kachia da Kafanchan masu sauri. Tanka mai cike da kaya ba ta tsayawa don ka canza shawara.

Shi ya sa nake cewa a fara da batir. Lafiyayyen batir mai bolt 12 yakan nuna wajen 12.6 a mita in inji na kashe, in kuma an tayar an ɗan ba da wuta ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, caji ne ba ya shiga, sai a duba rektifaya da koyil, don sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya bi sahun tsohon. Wanda ba shi da mita, hon ya ishe shi shaida. A kuma lura, wasu tsofaffin mashina na bolt 6 ne. Na sha ganin an sa musu ƙwan fitila na bolt 12, sannan a zo ana cewa sigina ba ta da haske.

Ita filasha da ake yawan ɗora wa laifi, irin ta da ɗin nan wani ɗan siririn ƙarfe ne a cikinta. Wutar da ƙwayayen fitila ke ja ita ke ɗumama shi, ya lanƙwashe ya yanke wuta, ya huce ya koma ya haɗa. Ƙiftawar ke nan, kamar sau 60 zuwa 120 a minti in komai daidai ne. An auna ta ne da nauyin ƙwai biyu, na gaba da na baya, galibi masu wat 10 kowanne. Saboda haka in gefe ɗaya na aiki daidai, ɗayan kuma ya kama ya tsaya ko yana ƙiftawa kamar mai zazzaɓi, ka ƙyale filasha. Guda ɗaya ce ke yi wa hagu da dama aiki, ba za ta so wani gefe ta ƙi wani ba. Sauka ka zagaya, za ka tarar ƙwai ɗaya ya ƙone ko mazauninsa ya yi tsatsa. Sai gefe biyun sun ƙi tare, batir da fis kuma lafiya, sannan nake waiwayarta.

Samarin da ke cire ƙwan asali su sa fitilun LED masu ado su ma suna zuwa da kukan nan. LED ba ta jan wutar da za ta ɗumama ƙarfen, sai a nemi filashar lantarki da aka yi dominta. Wani lokaci ma fitilu huɗun ne ke kamawa gaba ɗaya, saboda wuta na tsallakawa ta ɗan ƙwan nan mai nuna sigina a kan mita.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne wayar at, wadda ke mayar da wuta jikin ƙarfen mashin. Daminar Kaduna ba ta wasa, ga masu wankin mashin da ke feshe ko'ina da ruwa mai ƙarfi, ga ƙurar hunturu ta zo ta liƙe a kan danshi. Tsatsa ta shiga ƙarƙashin noti, wuta ta rasa hanyar komawa, sai ta bi ta duk inda ta samu. In ka kunna sigina ka ga fitilar baya na lumshewa tare da ita, ko ka taka birki sigina ta dushe, to at ne. Maganinsa a kwance notin, a goge da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure, a shafa ɗan giris. A mashinan Honda da yawancin na China da suka kwaikwaye su, koriyar waya ce at, mai ruwan lemo ta hagu, shuɗiya mai haske ta dama, mai ruwan toka kuma ita ke fitowa daga filasha. Bajaj launukansa daban ne. Tsohon mashin da ya bi ta hannun mutum biyar kuwa, kada ka yarda da launi sai ka gwada.

Akwai kuma wuyan mashin, inda wayoyi ke lanƙwasa duk lokacin da aka juya kai. Shekara da shekaru, tagullar ciki takan karye alhali robar waje ba ta nuna komai. Kunna sigina ka juya kan mashin hagu da dama a hankali. In ta ɗauke ta dawo, ka kama ɓarawon.

Roƙona ɗaya game da fis: in ya ƙone, wani abu ne ya ƙona shi, yawanci waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe. Akwai masu naɗa takardar sigari ko zaren waya a gurbinsa; na ga mashin da aka yi wa haka wayoyinsa suka narke tun daga ƙarƙashin kujera har fitilar gaba, a kusa da tankin mai. Ko a garejin wani na ga yaro zai yi haka sai na yi magana, ko da za a ce na cika shisshigi.

Makunnin da ke hannun hagu shi ma yakan cushe da datti, wankewa kawai yake so. Amma yawancin mashinan nan ba sa kashe sigina da kansu kamar mota. Mutum ya sha kwana a Kamazou, har ya iso Boro siginarsa na cewa zai shiga dama, mai mota ya gaskata shi ya fito. Wannan ba gyaran rewaya ba ne, babban yatsa ne zai saba. Kafin ka samu zuwa wurin gyara kuma, miƙa hannu da wuri, musamman a kwanar hagu inda za ka ratsa hannun masu tahowa.

Baba dai ya sayi batir, na mayar masa da filasharsa ta asali wadda ya ce ta lalace, na goge at ɗin baya. Muka kunna a tsaye, inji na kashe, tana ƙyaf-ƙyaf. Ya tattara ukun nan ya ce in ajiye ko wani zai buƙata. Suna nan cikin gwangwanin da nake tara irinsu, ya kusa cika.